Yadda Ake Gano Lalatacciyar Kafasita a Na'urar Sanyaya Ɗaki da Yadda Ake Auna Ta

Akwai wata ƙara da duk wanda ya daɗe yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake gane ta tun daga nesa. Za a kunna na'urar, sashen da ke cikin ɗaki ya kama hura iska kamar lafiya lau, amma idan aka zagaya wajen sashen da ke waje sai a ji ƙugi mai nauyi na 'yan daƙiƙu, sannan a ji wani ɗan sauti ƙas, komai ya yi tsit. Bayan 'yan mintuna ƙugin ya dawo, ya sake yankewa. A cikin ɗaki kuwa iska na fitowa, sai dai babu sanyi ko kaɗan. Yawancin masu gida da sun ga haka sai su yanke hukuncin cewa gas ya ƙare, wasu kuma su ce kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin a sashen waje, ya ƙone, alhali sau da yawa mai laifin wani ɗan gwangwani ne da ake iya riƙewa a hannu ɗaya, wato kafasita.

Kafasita tana cikin ɓangarorin da suka fi yawan lalacewa a wannan na'ura, kuma tana cikin 'yan kaɗan da ake iya tabbatar da lafiyarsu ko mutuwarsu da lamba, ba da hasashe ba. An rubuta ƙarfinta a jikinta, mita kuma, wato na'urar awon wuta ta hannu, tana iya faɗin abin da ya rage na wannan ƙarfi. Duk aikin ya ta'allaƙa ne kan kwatanta lambobin nan biyu, da kuma isa gare su ba tare da wuta ta ja mutum ba.

Aikin da take yi

Wutar da ake jawowa yawancin gidaje mai layi ɗaya ce, kuma moton da ke aiki da irin wannan wuta ba ya iya tashi da kansa daga tsaye. Misalinsa kamar mai keke ne da ya ɗora ƙafa ɗaya a kan feda a daidai lokacin da fedar take can sama ƙurewa: komai ƙarfin da ya taka, keken ba zai motsa ba, sai an sami wata ƙafar da za ta taka a wani lokaci dabam. Saboda haka ake naɗa wa moton kwayil biyu, wato naɗin waya biyu, babba na gudu da kuma na biyu mai taimaka masa tashi. Ana haɗa kafasita a kan hanyar kwayil na biyun, ita kuma sai ta sa wutar da ke bi ta cikinsa ta saɓa lokaci da ta babban kwayil. Wannan saɓanin lokaci shi ke haifar da maganaɗisu mai zagayawa wanda ke jan moton ya juya, ya kuma juya ta fuskar da ake so.

Mutane da yawa suna ɗaukar kafasita kamar batir ne da ke ba moto tunkuɗa sau ɗaya ya koma ya huta. Ga kafasitar gudu, wadda ita ce a yawancin na'urorin gida, ba haka abin yake ba. Tana cikin aiki ne muddin moton yana juyawa, tana cika tana juyewa sau da yawa a kowace daƙiƙa. Wannan ne dalilin da ya sa wadda ta raunana ba ta tsaya ga wahalar da tashi kaɗai ba, tana sa moton ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima duk tsawon lokacin da yake gudu, har ta rage masa kwana ba tare da kowa ya lura ba.

Kafin a buɗe komai, ya kamata a san irin wadda za a tarar. A wasu na'urori gwangwani ɗaya ne na ƙarfe mai rukunin ƙafafu uku a samansa, an buga haruffa a gefen kowanne: C ita ce ƙafar tarayya, HERM tana zuwa kwamfireso, FAN kuma tana zuwa moton fanka. Kafasita biyu ce a cikin gwangwani ɗaya. A ƙananan na'urori masu sashe biyu an fi samun su a rabe, ta kwamfireso doguwa mai ƙafafu biyu, ta fanka kuma 'yar baƙar roba mai kusurwa huɗu. Wasu na'urorin suna da ƙarin kafasitar tashi, galibi a cikin baƙar roba mai zagaye, wadda lambarta take da girma, kuma wani ɗan makunni yakan cire ta daga aiki da zarar kwamfireso ya kama gudu.

Akwai togaciya guda mai muhimmanci. Na'urorin da aka rubuta wa inbata a jiki ba sa amfani da irin wannan kafasita wajen tafiyar da kwamfireso. Nasu suna maƙale ne a kan allon lantarki, kuma a wutar gida mai volt 230 suna riƙe sama da volt 300 na wuta mai tafiya fuska ɗaya, wani lokaci na tsawon mintuna bayan an kashe. Abin da ke tafe bai shafe su ba, kuma shawarata ita ce a bar su ga wanda ya koyi gyaran allon.

Karanta rubutun jikinta

A jikin gwangwanin za a ga lamba kamar 35 µF, ko 45/5 µF idan mai ƙafa uku ce. Wasu kamfanonin suna rubuta MFD ko uF, duk ma'anar ɗaya ce, wato maikurofarad, kashi ɗaya cikin miliyan na farad, ma'aunin da aka sa wa sunan masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday. A 45/5, babbar lambar ta kwamfireso ce, ƙaramar ta fanka. Kusa da ita akwai rangwamen da aka yarda da shi, galibi ±5% ko ±6%, sannan iyakar ƙarfin wutar da take ɗauka, kamar 370, 440 ko 450 VAC, wato volt na irin wutar gida, da iyakar zafi, wanda sau da yawa digiri 70 ne ko 85 a ma'aunin Salsiyos. Mai lura zai tambayi dalilin da ya sa ake buƙatar 440 a gidan da wutarsa ba ta wuce 230 ba. Amsar ita ce, idan moto yana juyawa kwayil ɗinsa na biyu yana haifar da tasa wutar, har ƙarfin da ke tsakanin ƙafafun kafasita ya zarce na soket nesa ba kusa ba.

Alamomin da ke nuna ta

Alama mafi ƙarfi ita ce wadda aka fara da ita: ƙugi, sannan yankewa. Ƙugin na kwamfireso ne da ya sami wuta amma ya kasa juyawa, yana jan wuta ninkin ba ninkin abin da ya saba ja, har fitilun gida su ɗan dushe a wannan lokaci. Sautin ƙas ɗin kuwa na ɗan makarin da ke jikinsa ne, wanda ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, ya mayar idan ya huce. Duk zagaye ɗaya na wannan ƙoƙari yana ƙara gasa kwayil, don haka wanda ya ji irin wannan ƙara ya kashe na'urar nan take, kada ya bar ta tana ta gwadawa da fatan za ta kama.

Idan ɓangaren fanka ne ya mutu, labarin yakan bambanta. Kwamfireso zai tashi, fankar waje kuwa ta tsaya cik ko ta riƙa juyawa a kasalance, sanyi ya zo na ɗan lokaci sannan ya ɗauke saboda babu iskar da za ta kwashe zafi daga bututun waje. Masu gyara suna da wata tsohuwar dabara a nan: su zura siririn itace busasshe ta ragar murfi su ture fiffiken fankar. Idan ta kama gudu bayan an ture ta, zargi ya faɗa kan kafasita, domin hannun mutum ne ya yi aikin da ta kasa. Dabarar tana da amfani a matsayin shaida, amma ba gyara ba ce, ba a yin ta da yatsa, kuma ba a barin na'urar ta ci gaba da aiki a haka.

Sauran alamomin ba su kai waɗannan ƙarfi ba: na'urar da ke tashi da safe amma ta ƙi tashi da tsakar rana, ko makatsin wuta da ke faɗuwa a daidai lokacin da kwamfireso zai tashi. Kowacce cikinsu tana iya fitowa daga wata cutar dabam. Kafin a ɗauko sukudireba, a duba cewa an saita rimot a kan sanyaya ba a kan fanka kaɗai ba, an sa zafin da ake nema ƙasa da na ɗakin, kuma an jira mintuna uku zuwa biyar, domin yawancin na'urori suna jinkirta tayar da kwamfireso da gangan bayan an kunna su.

Kashe wuta da juye abin da ta riƙe

Wannan mataki ne da ba a tsallake shi, ko da an yi aikin sau ɗari. Kashewa da rimot ba kashewa ba ce, domin wuta tana nan a cikin na'urar tana jiran umarni. A kashe daga makatsin da ke allon wutar gida, a zare fulogi ko makatsin da ke kusa da sashen waje idan akwai, a kuma sanar da mutanen gida ko a liƙa takarda a wurin, don kada wani ya zo ya mayar da wuta da kyakkyawar niyya. Bayan an kwance murfin da ke rufe wayoyi, a saita mita a kan awon volt, a fara gwada ta a soket mai wuta don a tabbatar tana aiki, sannan a auna wayoyin da ke shigo da wuta cikin na'urar, tsakanin junansu da kuma tsakanin kowacce da jikin ƙarfe. Sai an ga sifili a ko'ina sannan a ci gaba. A cire zobe da agogon ƙarfe, a tsaya a busasshen wuri da takalmi mai ƙasan roba, a sa tabarau na kariya. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, ko bai amince da hannunsa ba, nan ne iyakarsa, ya kira mai sana'ar.

Kashe wuta bai isa ba, domin ajiye wuta shi ne ainihin halin kafasita. Gaskiya ne a na'ura mai lafiya kafasitar gudu takan juye kanta ta cikin kwayil ɗin moto da zarar an kashe, kuma wannan ne ke sa wasu sakaci. Amma ai ba na'ura mai lafiya aka buɗe ba. Idan waya ta tsinke, ko makarin zafi ya buɗe, hanyar juyewar na iya yankewa, wutar ta zauna a ciki tana jiran yatsan farko da zai haɗa ƙafafun.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi amfani da rizista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 20,000 da wat 5, a haɗa mata wayoyi biyu masu rufi, a taɓa ƙafafun da su ba tare da hannu ya kai ga ƙarfe ba. Ga mai ƙafa uku, a haɗa C da HERM, sannan C da FAN. Lissafin lokacin ba shi da wuya: idan aka ninka om 20,000 da maikurofarad 45 za a sami kusan daƙiƙa ɗaya, kuma ninki biyar na wannan ya isa wutar ta kusan ƙarewa. Don haka riƙewa na daƙiƙa goma a kowane ɓangare ya wadatar har da rara. Na san da yawa suna gitta sukudireba mai mariƙin roba a kan ƙafafun su wuce. Yana juye wutar, ba musu, amma idan ta cika yakan yi tartsatsi mai ƙara, ya ƙona bakin ƙafar, ya firgita mai aikin har hannunsa ya faɗa inda bai nufa ba. Ko ta wace hanya aka bi, a ƙarasa da auna tsakanin ƙafafun da mita a kan awon volt na DC, wato wuta mai tafiya fuska ɗaya, a ga lambar ta sauka kusa da sifili.

Yanzu a ɗauki hoto. A ɗauka daga sama yadda za a ga launin kowace waya da harafin ƙafar da take kai, a ƙara wani daga gefe. Ba a dogara da launi kaɗai, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kansa ba, kuma wani mai gyara da ya gabata yana iya canza waya. Sannan a zare wayoyin da filaya mai siririn baki, ana kama bakin ƙarfen ana ɗan girgiza shi, ba jan wayar kanta ba.

Abin da ido ke gani, da abin da ba ya gani

Saman lafiyayyar kafasita a shafe yake. Idan ya kumbura ya yi tozo, ta mutu, ba sai an auna ba. An ƙera ta ne da gangan ta yadda idan iska ta taru a ciki saboda lalacewa, murfin zai ɗaga ya tsinke haɗin da ke ƙarƙashinsa, don kada ta fashe. Haka nan idan mai ya tsattsafo ta gefen ƙafafu, ko tsatsa ta huda gwangwanin, ko robar ta narke. Kada a taɓa man da hannu tsirara, musamman a tsohuwar na'ura ƙwarai, domin waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1970 suna iya ƙunsar man PCB mai guba, wanda Amurka ta haramta ƙera shi a 1979.

Kuskuren da aka fi yi shi ne juya wannan hukunci, a ce tunda ba ta kumbura ba lafiyarta ƙalau. A cikin gwangwanin akwai siririyar leda da aka shafa wa ƙarfe mai matuƙar sirantaka aka naɗe. Duk lokacin da wuta ta huda wani ɗan wuri, ƙarfen da ke kewaye da hujin yakan ƙone ya keɓe wurin, kafasitar ta ci gaba da aiki amma ta yi asarar ɗan ƙarfi. Shekara da shekaru ana haka, sai ta zube rabi alhali jikinta na ƙyalli kamar sabuwa. Na taɓa riƙe wata mai lamba 35 wadda ko ƙwarzane babu a jikinta, har an fara maganar sauya kwamfireso, da aka ɗora mita sai ta nuna 19 da 'yan kai. An ce gani ya kori ji, amma a wannan aiki awo ne ke korar gani.

Awo da mita

Ana buƙatar mita mai awon kafasita, wanda ake nuna shi da µF ko da alamar gajerun layuka biyu masu fuskantar juna. Dole a cire wayoyi duka daga ƙafafun, domin idan tana haɗe da moto mitar za ta ba da lambar ƙarya. A kankare tsatsa ko datti daga bakin ƙafar, a ɗora tsinken mita ɗaya a kan C ɗaya a kan HERM, a danna sosai, a jira lambar ta tsaya, wanda yakan ɗauki 'yan daƙiƙu a babbar kafasita. A rubuta. Sannan a mayar da tsinke na biyu kan FAN a sake rubutawa. Kafasitar gudu ba ta da ƙafar da dole sai jan tsinke ko baƙi, kowanne ya hau ko'ina. Awo tsakanin HERM da FAN ba shi da amfani, zai nuna wata lamba ƙasa da ƙaramar, ya rikita mai aiki a banza.

Sai lissafi. Ga 45/5 mai rangwamen kashi 6 cikin 100, ɓangaren kwamfireso ya kamata ya faɗa tsakanin 42.3 da 47.7, na fanka kuma tsakanin 4.7 da 5.3. Ga mai lamba 35 da rangwamen kashi 5, tsakanin 33.25 ne da 36.75. Abin da ya fita daga wannan iyaka ya fita daga abin da kamfani ya lamunta. Wasu masu gyara suna yi wa kafasita uzuri har zuwa kashi 10, kuma gaskiya ne na'ura tana iya ci gaba da tashi a haka. Ni dai ban ga hikimar hakan ba, domin wadda ta fara sauka ba ta komawa sama, kuma abin da ake kasadarsa, wato kwamfireso, ya fi ta daraja nesa. Idan ɓangare ɗaya na mai ƙafa uku ya faɗi, a sauya gwangwanin gaba ɗaya. Idan mitar ta nuna sifili ko ta ƙi nuna komai, an sake gwadawa an tabbatar tsinken ya zauna daidai, to ta tsinke a ciki.

Ga kafasitar tashi akwai ƙarin lura biyu. Lambarta tazara ce, kamar 88 zuwa 108, kuma abin da ake so awon ya faɗa a tsakaninsu. Sannan sau da yawa akan sami 'yar rizista a liƙe tsakanin ƙafafunta, wadda ke ɓata awo idan ba a raba ƙafarta ɗaya ba.

Akwai gwaji na biyu da ake yawan mantawa da shi. A mayar da mita kan awon om mafi girma, a ɗora tsinke ɗaya a kan ƙafa, ɗaya a kan jikin gwangwanin inda babu fenti, a bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Bai kamata a sami wata hanya tsakaninsu ba, mitar ta nuna OL, alamar babu hanya. Idan ta nuna wata lamba, wuta na zurarewa zuwa jiki, kuma irin wannan ce ke kayar da makatsi.

Wanda mitarsa ba ta da awon kafasita yana iya samun rabin amsa da awon om. A mita mai allura, idan aka taɓa ƙafafun kafasitar da aka juye, allurar za ta yi tsalle zuwa ƙasan ma'auni sannan ta koma a hankali. Idan ta je sifili ta zauna, ciki ya haɗe. Idan ba ta motsa ba sam, ya tsinke. Sai dai wannan gwaji yana bambanta matacciya da mai rai ne kawai. Wadda ta sauka daga 35 zuwa 19 za ta yi tsallen nan daidai, ta wuce jarrabawar.

Awo tana kan aiki

Masu sana'a suna da hanyar auna ta na'ura na gudu, kuma na kawo ta ne don mai gida ya fahimci abin da ake yi a gabansa, ba don ya gwada ba, tunda ana yin ta ne murfi a buɗe wuta na gudana. Ana maƙala mita mai baki a kan wayar da ta tashi daga HERM zuwa kwamfireso a karanta amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta wayar, sannan a auna volt tsakanin C da HERM. A ƙasar da wutarta ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, a ninka amfiya da 3183 a raba da volt. Inda take juyawa sau 60, kamar Amurka, lambar 2652 ce. Misali, amfiya 3.7 da volt 340 a wuta mai 50 suna ba da kusan 34.6, wanda ya dace da kafasita mai lamba 35. Amfanin wannan hanya shi ne tana nuna halin kafasitar a cikin zafi da nauyin aikinta na gaske.

Idan awo ya wanke ta

Wani lokaci lambar takan fito daidai, kuma a nan ake gane mai bincike daga mai canki-canki. Sauya lafiyayyar kafasita barin jaki ne a daki taiki. A duba ƙarfin wutar da ke shigowa a daidai lokacin da kwamfireso ke ƙoƙarin tashi, domin yawancin na'urori ba sa jure saukar da ta wuce kashi 10 cikin 100, wato ƙasa da kusan 207 a wuta mai 230. A duba bakin wayoyi ko sun saki ko sun ƙone, da makunnin maganaɗisun da ke ba sashen waje wuta a na'urorin da ke da shi. A juya fankar da hannu wuta a kashe, a ji ko tana tafiya sumul ko ta cije.

Shi kwamfireso yana da nasa ƙafafu uku, C ta tarayya, S ta kwayil na tashi, da R ta babban kwayil. Da wuta a kashe da wayoyi a cire, awon om tsakanin S da R ya kamata ya yi daidai da jimlar na C zuwa S da na C zuwa R. Idan S zuwa R ya nuna lamba amma sauran biyun suka nuna a tsinke, kada a yi gaggawar yi masa jana'iza: mai yiwuwa makarin zafin da ke cikinsa ne bai rufe ba tukuna, kuma kwamfireson da ya gasu yana iya ɗaukar sa'o'i kafin ya huce. A sake aunawa bayan ya yi sanyi.

Sauyawa

Ƙa'ida biyu ce. Maikurofarad ya zama daidai da abin da kamfanin na'urar ya tsara, volt kuma daidai ko sama. Ana iya sa 440 a gurbin 370, ba a sa 370 a gurbin 440. Masu cewa a ƙara lamba don na'ura ta ƙara ƙarfi suna tura wutar da ta fi ƙima ne cikin kwayil na biyu, wanda wayarsa ba a yi ta don haka ba. Ya kamata kuma a kwatanta lambar tsohuwar da zanen wayoyin da ke bayan murfi ko takardar jikin moton, domin mai yiwuwa wadda aka tarar ɗin ma ba ita ce ta asali ba. Idan ba a sami mai ƙafa uku ba, guda biyu a rabe suna yin aikin, a haɗa ƙafa ɗaya ta kowacce da gajeriyar waya ta zama C. Idan aka jera biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, lambobinsu haɗuwa suke yi, 30 da 5 su ba da 35, amma wannan mafita ce ta wucin gadi.

A auna sabuwar kafin a ɗaura ta, domin sabo ma yakan zo da aibi. A ɗaure ta da maɗaurinta, ƙafafu suna kallon sama, kada a bar ta tana lilo a kan wayoyi. A mayar da wayoyin bisa hoton, ana bin haruffa ba wurin da ƙafar take ba, tunda jerin ƙafafun yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Bakin da ya shige ba tare da tirjiya ba ya saki, a ɗan matse shi da filaya, domin sakakken haɗi zafi yake haifarwa.

Idan wannan ce ta biyu ko ta uku da aka sauya cikin ɗan lokaci, akwai abin da ke kashe su, kuma galibi zafi ne ko wuta mai hawa da sauka. Bututun waje da ƙura ta toshe, sashen da aka matse a lungu babu hanyar iska, ko na'urar da ke kunnawa tana kashewa a kai a kai, duk suna gajarta mata kwana. A wanke bututun tun murfi yana buɗe, ana kiyaye kada ruwa ya shiga wurin wayoyi.

A rubuta ranar sauyawa da lambar da mita ta nuna a jikin gwangwanin da alƙalami mai kauri, don wanda zai buɗe a gaba ya sami abin kwatance. Sannan a rufe murfi, a mayar da wuta, a kunna, a jira jinkirin mintunan nan a tsaye kusa da sashen waje. Kwamfireso mai lafiya yakan kama cikin ƙiftawar ido ba tare da dogon ƙugi ba, fanka ta fara fitar da iska mai ɗumi, kuma bayan kamar minti goma kakkauran bututun da ke dawowa daga ɗaki zai yi sanyi a hannu har ya fara raɓa. Idan kuwa ƙugin ya dawo duk da sabuwar kafasita mai lamba daidai, a kashe nan take a kira mai gyara ya auna amfiyar da kwamfireson ke ja lokacin tashi, ya kwatanta da lambar LRA da ke kan takardar jikin na'urar, wato amfiyar da kwamfireso ke ja idan ya kasa juyawa.